Ƙanina zai tafi Alƙahira koyon Larabci: ya shiga cikin mutanen gari ko ya tsare harshensa?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina da nake riƙo tun rasuwar mahaifinmu ya samu damar tafiya Alƙahira. Zai fara da cibiyar koyon Larabci kafin ya shiga Azhar. Na nemi shawarar mutum biyu da suka taɓa zama can, sai suka raba min hankali. Na farko ya ce in ja masa kunne kada ya saba da Larabcin titi, iyakarsa ɗaki, aji da masallaci, domin ammiyya, wato Larabcin titin, tana ɓata harshen ɗalibi. Na biyu ya ce duk wanda ya yi haka zai dawo da takarda amma bakinsa a ɗaure. Yaron shekararsa goma sha tara, bai taɓa wuce Kaduna ba, kuma mai kunya ne. Ku da kuka zauna can ko kuke zaune yanzu, don Allah ku faɗa min gaskiyar yadda rayuwar take.

Malam Abu Sumayya

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da riƙon zumunci. Ni ina tare da mutum na farko, kuma ba da ka na faɗa ba. A can na yi karatu, na dawo ina karantarwa, kuma ɗaliban da suka dawo daga baya suna biyowa ta hannuna. Za ka ga yaro ya hau mumbari, maimakon harafin jimun da aka koya masa tun makarantar allo sai ka ji ta koma irin ta mutanen Alƙahira, ƙaf kuma ya ɓace, ƙarshen kalmomi duk ya hadiye su don kada a gane bai san i'irabi ba. An kashe dukiya an tura shi ne don ya karanta Alfiyya da tafsiri, ba don ya iya ciniki da mai tumatir ba.

Alƙahira gari ne mai cin lokaci. Gidajen shayinsu da suke kira ahwa ba sa rufewa da wuri, ga shisha, ga domino, ga ƙwallon Ahly da Zamalek a talabijin. Yaro zai zauna da sunan koyon harshe, kafin ya farga shekara ta wuce. Alhali a cikin Masallacin Azhar ana zaman darasi kyauta, nahawu, fiƙihu, hadisi, balaga, kusan kullum. Bayan masallacin ga lungun Darbul Atrak cike da shagunan littattafai. Wanda ya san abin da ya kai shi, wannan ya ishe shi gari.

Ɗan Fagge

Allah ya gafarta Malam, ba jayayya nake da ku ba, amma bari in faɗi yadda yini yake ga wanda yake nan yanzu, sai Yaya Baban Khalifa ya auna.

A Hayyul Ashir nake, cikin Madinatu Nasr, inda ɗaliban Afirka suka fi yawa saboda haya ta fi sauƙi. Da safe idan za ka Darrasa wajen Azhar, ƙaramar bas za ka shiga. Ba a rubuta inda za ta a jikinta, direba ne ko yaronsa ke kiran sunan wuri da sauri, wasu ma da hannu ake yi musu alama. Idan ka zauna, ba kwandasta. Na baya yana miƙa wa na gabansa kuɗi, yana faɗin mutum nawa ya biya wa, har su isa hannun direba, canji ya dawo ta wannan hanyar. Wata rana kai ne a kujerar da kowa zai miƙo wa, kai za ka haɗa lissafin mutum goma sha wani abu kana amsa musu. In za ka sauka sai ka ɗaga murya ka ce wa direba ya tsaya a gefe. Duk wannan ba a yin sa da Larabcin littafi. Za a gane ka in ka yi fusha, wato Larabcin littafin, ba a ce ba za a gane ba, amma kai ba za ka gane amsar da aka ba ka ba, kuma nan ne matsalar.

Daga nan ga dillalin gida, ga maigadin bene, ga mai gidan da zai zo karɓar haya, ga mai kawo tulun gas yana buga ƙarfe a jikinsa don a san ya iso, ga layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, inda ma'aikaci zai yi maka bayani sau ɗaya ta ƙaramar taga ya kira na bayanka. Yaro mai kunya wanda ba ya jin abin da ake cewa, kullum sai ya jira wani ya raka shi. Abin da ya fi wannan ma, akwai malamai da dama da za su karanta matanin littafi da fusha tsaf, amma da sun zo yin sharhi da kawo misali sai harshensu ya koma na gida. Ɗalibin da ya toshe kunnensa daga ammiyya rabin darasin nan ya wuce shi.

Malam Abu Sumayya

Ɗana, ji daban, furtawa daban. Ban hana shi ya fahimci abin da ake faɗa ba. Bakinsa nake so ya tsare.

Ɗan Fagge

To ai Malam mun kusa haɗuwa ke nan. Sai dai kunne ba ya buɗewa daga cikin ɗaki.

Ɗan Damagaram

Ku yi haƙuri in shigo, don ina ganin dukkanku kun bar inda ciwon yake. Abin da ke hana yaranmu iya Larabci a Masar ba ammiyya ba ce, Hausa ce.

Ku shiga gidajen ɗalibai ku gani. Mutum shida a gidan haya ɗaya, biyu 'yan Kano, ɗaya ɗan Gusau, biyu daga Maraɗi, ɗaya ɗan zangon Kumasi. Da Hausa za a tashi, da Hausa za a yi girki, a ci tuwon semo da miyar kuka, a kalli fim ɗin gida a waya, a yi musun siyasar Najeriya da ta Nijar har tsakar dare. In an fita siyayya mutum ɗaya ne mai baki, sauran suna bayansa. A aji kuma saurare kawai ake. Ku lissafa min, a cikin yini guda minti nawa wannan yaro ya buɗe baki ya yi Larabci, kowane iri ne? Irin wannan zaman ba fusha ake tsarewa ba, ba a taɓa ta ba ma balle a tsare ta.

Abin da na gani yana aiki shi ne zama da wanda ba ku da harshe ɗaya sai Larabcin littafi. Azhar cike take da 'yan Indonesiya, Malesiya, Tailan, Uzbekistan, Senegal, Somaliya. Su ma baƙi ne, su ma fusha suka zo da ita, ba sa yi maka dariya in ka yi kuskure don su ma suna yi. A Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban waje da ke kusa da Abbasiyya, wannan cuɗanyar tana zuwa da kanta. Wanda bai samu wuri a can ba, ya nemi abokin ɗaki daga wata ƙasa, ko da mutum ɗaya ne a gidan. Da an samu baƙo ɗaya a kan faranti, dole kowa ya juya harshe. Fusha a gida da aji, ammiyya a titi gwargwadon buƙata, Hausa ranar Juma'a idan an kai wa 'yan uwa ziyara. Ni dai a haka na ga mutane sun fita da abin kirki.

Ummu Hanan

Wallahi Ɗan Damagaram ka faɗi abin da ke raina. A ɓangarenmu mata abin ya fi tsanani, don da yawa in ba makaranta ba, ba sa taka ƙofa. Ni da maigidana muka zo, ina zuwa darasi da safe. Wadda ta buɗe min kunne wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu a hawa na huɗu. Ita ta nuna min yadda ake sauke kwando da igiya daga baranda, mai kayan miya ko mai gurasa ya saka maka kaya, ka ja sama, ka mayar da kuɗi a ciki. Ita ta fara kai ni kasuwar unguwa, ta nuna min wanda ke cika mudu da wanda ke tsuga wa baƙo farashi. Ranar da na ga ganyen da suke yin miyar mulukhiyya da shi na ce mata ai lalo ne, muna da shi a gida, daga nan hira ta ɓarke har ta ce sai na dafa mata irin namu. Zoborodo ma suna sha, da tsamiya, har goriba suna jiƙawa su sayar a shagunan lemo tare da ruwan rake.

Bayan wani lokaci na gane cewa mutanen hawa na biyu Kiristoci ne Kibɗawa. Ranar 7 ga Janairu suke Kirsimeti. Da azumi su ne suka fara aiko mana da abin buɗa baki. In da na kulle kaina ba zan san ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma duk da Larabci aka yi shi.

Amma Yaya Baban Khalifa, kada mu ɓoye maka ɗaya ɓangaren. Baƙar fata a titin Alƙahira yana jin maganganu. Yara, wani lokacin har manya, za su kira shi da sunayen launin fata, wasu da wasa, wasu da raini. Akwai ranar da za ka dawo gida ba ka son magana da kowa. Mu mata ga kuma masu bin mutum da ido da baki, shi ya sa a metro taragon mata nake shiga, yana tsakiyar jirgin, akwai alamarsa a dandamali. Ka shirya zuciyar yaron tun daga gida, kada abin ya zo masa ba zato.

Baban Khalifa

Subhanallah. Wannan shi ne abin da babu wanda ya faɗa min. Yaya ake yi da shi? Yaron nan in aka taɓa shi shiru yake yi ya bar abin a ciki.

Ɗan Fagge

Yaya, abin yana nan, ba za mu ce babu ba. Amma ga abin da na lura. Wanda ba ya jin harshen titi ya fi shan wahalarsa, saboda duk dariyar da aka yi a bayansa zai ɗauka da shi ake, duk ɗaga murya zai ɗauka zagi ne, alhali mutanen nan haka suke magana da ƙarfi ko da junansu. Idan yana ji, zai bambance mai tsokana da mai raini da wanda ma ba da shi yake ba. Sannan a unguwar da aka san ka abin yana raguwa ƙwarai. In mai ful, wato dafaffen wake, na bakin layi ya san ka, mai aski ya san ka, kana sallah a masallacin unguwa, ranar da wani yaro ya yi maka rashin kunya su ne za su tsawata masa kafin ka buɗe baki. Kuma da sun ji ɗalibin Azhar ne kai, da yawansu sai su koma kiranka shehi, wani ma ya ce ka ja su sallah. Na ga an ƙi karɓar kuɗin ɗalibi a wurin mai abinci saboda an ji yana haddar Alƙur'ani.

Abin da zan ce ya kiyaye: kada ya biye wa kowa a yi faɗa a titi, baƙo ne, takardunsa ne za su shiga matsala. Ya riƙa yawo da kwafin fasfo da iƙama. Ya nisanci musun siyasar ƙasar da ɗaukar hoton jami'an tsaro ko gine-ginen gwamnati. Wannan ba wasa ba ne.

Malam Abu Sumayya

Na karanta abin da kuka rubuta duka. Maganar Ɗan Damagaram gaskiya ce, kuma a zamaninmu ma akwai wannan, sai dai babu waya a hannu da za ta ƙara rura shi. Amma ina nan a kan tsari. Gini ba ya tsayawa sai da tushe. Yaron da bai gama Ajurumiyya da kyau ba, bai san fa'ili da maf'uli ba, in ka sake shi cikin titi abin da ya fi sauƙi shi harshensa zai kama, kuma ammiyya ta fi sauƙi. Shekarar farko ya ba fusha kaso mafi girma, ya samu malamin tajwidi da zai riƙa gyara masa mafitar haruffa baki da baki. Masar ba ta rasa gwanayen karatun Alƙur'ani masu ijaza ba. Wanda yake karanta wa shehi kullum, jiminsa ba zai gudu ba ko da ya yini a kasuwar Ataba.

Kuma ku sani ba yau mutanenmu suka fara zama a garin nan ba. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makaranta da masauki a Alƙahira, Madrasatu Ibni Rashiƙ, saboda ɗalibai da mahajjata. A cikin Azhar akwai ruwaƙi, wato sashen masaukin ɗalibai, da aka ware wa mutanen Barno. Muhammadu al-Kashnawi, malamin lissafi daga ƙasar Katsina, a can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti. Ku duba, a gidan malamin gari ya sauka har ajali ya riske shi. Saboda haka ban ce a guji Misirawa ba. Na ce a zaɓi waɗanda za a zauna da su.

Ɗan Damagaram

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wannan misalin na al-Kashnawi ai hujjata ce, bai tare a cikin 'yan garinsu ba.

Malam Abu Sumayya

Hujjarmu ce mu biyu. Bai tare cikin 'yan garinsu ba, kuma ba a ahwa aka same shi ba.

Abu Fadil

Ni a Khartoum na fara, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya fito da mu, daga baya na dawo nan na ci gaba. Zan ƙara abu ɗaya kan ahwa, don ina ganin an yi mata kuɗin goro. Ba kowace ba ce wurin shashanci. Akwai ta unguwa inda dattawa ke zama bayan la'asar, shayi kawai da jarida. Zaman rabin awa a irin wannan, kana saurare, yana koya maka yadda ake gaisuwa, yadda ake ta'aziyya, yadda ake ƙin abu ba tare da an ɓata wa mutum rai ba. Waɗannan ba su cikin littafin cibiya. Matsalar ita ce wanda ya mayar da ita gida.

Ga kuma azumi. Wanda zai zo ya yi Ramadan a ɗaki ya cuci kansa. Ana jera tebura a bakin titi, ma'idatur Rahman, kowa ya zo ya zauna ya sha ruwa kyauta, ba a tambayar daga ina kake. Za ka zauna tsakanin lebura da direba da ɗalibi ɗan Malesiya. Ana rataye fitilun fanus a lunguna, mai ganga yana zagayawa tashin sahur kamar yadda ake yi a gida, bayan tarawihi kuma unguwar Husaini da Khan Khalili ba masaka tsinke har asuba. A wata ɗayan nan na yi magana da mutane fiye da yadda na yi a watannin da suka gabace shi.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai, hankalina ya fara kwanciya. Saura maganar aljihu da abin da zai tafi da shi. Nawa zan riƙa tura masa?

Ɗan Fagge

Yaya, kada kowa ya yanke maka adadi a nan, farashi yana motsi. A Maris 2024 aka saki fam ɗin Masar, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, komai ya bi ta, haya ma ta hau. Abin da wanda ya dawo shekara uku da suka wuce zai faɗa maka ba shi ne na yau ba. Ka tambayi wanda ke nan a satin da yaron zai taso. Abin da zan iya cewa, wanda ya yarda ya ci abincin gari yana samun sauƙi sosai. Ful da ɗa'amiyya, irin ƙosansu, a cikin gurasa da safe, kushari da rana, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir a kwano ɗaya, yana riƙe ciki har dare. Wanda ya ce kullum sai abincin gida da nama, kuɗinsa ba za su kai ƙarshen wata ba. Metro ma yana da araha, kuma layi na uku yana bi ta Abbasiyya da Ataba.

In zai kama haya, kada ya ba dillali ko sisi sai ya ga gidan da idonsa, an rubuta yarjejeniya, an faɗi wanda zai biya wuta da ruwa da kuɗin maigadi. Ya tafi da wani tsohon ɗalibi. Akwai ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya da na Nijar, suna tarbar sababbi, ya neme su tun kafin ya sauka.

Ummu Hanan

A saka masa kayan sanyi na gaske. Mutane suna jin Masar sai su ɗauka zafi ne kawai. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin yana shiga ƙashi, da dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma tayil ne, ba abin ɗumama ɗaki. Bargo mai nauyi ya saya a nan, ya fi sauƙi. Daga gida ya taho da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau. Man shafawa ma, don iskar tana busar da fata. Wajen Maris zuwa Mayu kuma akwai iskar khamasin mai ƙura, in yana da asma ya zo da maganinsa.

Abu Fadil

Kuma kada ya cika jaka da littattafai daga gida, nan ne gidansu. Ya tara ɗan abin da ya samu zuwa ƙarshen Janairu, lokacin baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969. Yanzu a wajen Tajammu ake yin sa, akwai motoci masu zuwa. Na hannu kuma ya je Azbakiyya, dab da tashar metro ta Ataba. Can ma sai ya iya ciniki, don farashin farko da za a faɗa wa baƙo ba shi ne na ƙarshe ba.

Baban Khalifa

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan zaunar da shi in karanta masa wannan duka. Malam Abu Sumayya, zan neme ku ta akwatin sirri kan maganar malamin tajwidi. Ɗan Damagaram, in da hali a fara cigiya mana gidan da akwai ɗaliban wata ƙasa a ciki, ko da hayar ta ɗan fi tsada zan biya.

Ɗan Damagaram

In sha Allahu. Ka turo min watan da zai sauka da cibiyar da zai fara, don a nemi wanda ba shi da nisa da ita. Gidaje sun fi samuwa bayan jarrabawar ƙarshen shekara, lokacin da waɗanda suka gama suke tattara kaya.